ƘURAR DA KE FAƊIN INDA TA SAUKA

A cikin cututtukan da ke addabar ɗan Adam babu wadda Bahaushe ya ke jin nauyin ambaton sunanta kamar sankara. In ta kama wani, sai ka ji 'yan'uwansa sun yi ƙasa da murya suna cewa "ciwon nan ne," ko kuwa "daji ne," sai ka ce masu gulmar basarake a ƙofar fadarsa. Dalilin wannan tsoro kuwa a fili ya ke. Zazzaɓin cizon sauro baƙo ne, daga waje ya ke shigowa. Haka tarin fuka, haka kwalara. Baƙo kuwa da kamanninsa, ana iya nema masa gubar da za ta kashe shi ta bar masu gida lafiya. Ita sankara 'yar gida ce. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ne su ke kangarewa, su yi ta hayayyafa ba ji ba gani, su cinye abincin 'yan'uwansu, daga baya su yi ƙaura zuwa hanta ko huhu ko ƙashi. To, duk maganin da aka aika ya kashe su, da wuya ya iya rarrabe kangararren ɗa da mai biyayya, tun da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abin da ya sa ke nan mai karɓar maganin sankara gashinsa ya kan zube, jininsa ya ragu, abinci ya fita ransa. Likita ya zama kamar mai jifar ɓarawo a tsakiyar kasuwa: shi ya san wanda ya ke nufi, amma dutse bai sani ba.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu a duniya, kusan miliyan 10 suka rasu. A Nijeriya kaɗai sababbin kamu sun haura 120,000 a wannan shekara, sankarar mama ce kuma a kan gaba, da mata kimanin 32,000.

Ni dai ɗalibin ilmin sinadarai ne, ban taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba, ba ni kuma da ikon rubuta wa kowa magani. Abin da na ke so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fili shi ne labarin wata dabara da masana su ke ta fama da ita, watau ƙera wata irin ƙura mai ɗan karen ƙanƙanta, a rataya wa ƙwayoyinta alama mai tartsatsin nukiliya, a sa ta cikin jikin majiyyaci, ta je ta nemo inda sankara ta ɓuya, ta nuna wa likita wurin, wani lokaci ma ta ƙone ta a can inda ta same ta. Turawa suna da dogon sunan da su ke kiranta da shi. Ni zan kira ta ƙura mai ƙararrawa, domin makiyayi in ya rataya wa sa ƙararrawa so ya ke ko cikin duhu ya san inda ya nufa. Amma bari in fara da faɗin abin da ya sa na damu da ita.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda duk unguwarmu aka san ta da kitso. Ran jajiberen salla tun da asuba mata su ke cika tsakar gidanta, ba ta tashi sai bayan lisha. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'yanta mata uku. Wata rana ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na dama, bai fi ƙwayar gurjiya ba, ba ya kuma ciwo. Da don ta ita ne da ta yi shiru, amma babbar 'yarta ungozoma ce, ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Aka gwada, aka ce sankara ce, amma an zo da wuri. Aka yi mata aiki aka cire maman, aka kuma kwashe ƙwayoyin kaluluwar hammatarta gaba ɗaya, guda goma sha huɗu, domin ta nan ne sankarar mama ta kan fara bi in za ta bazu. Da aka kai su ɗakin bincike aka dudduba, ko a guda ɗaya ba a sami ciwon ba. Muka yi murna, muka yi sadaka.

Gwaggo tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Amma bayan kamar shekara guda sai hannun nan na dama ya fara kumbura, tun daga kafaɗa har yatsu, ya yi nauyi, har hannun riga ya daina shiga. Dalili kuwa, ban da jini akwai wani farin ruwa da ke zagaya jikin mutum ta nasa magudanai, ƙwayoyin kaluluwa su ne tashoshinsa. In aka kwashe su, ruwan ya kan rasa hanya ya taru, kamar yadda ruwan sama ke kwanciya a unguwa in an toshe kwata. Kitso kuwa da hannu a ɗage a ke yin sa. Ta yi ƙoƙari har ta gaji, ƙarshe ta miƙa wa wata yarinyarta kibiya da mataji, ta koma 'yar kallo. Wani hutu da na je gaishe ta sai ta ce mini, "Kai da ka ke karatun boko, gaya mini. Tun da sun ce ba su sami kome a hammatar ba, me ya sa suka kwashe?" Na ce, "Gwaggo, ai sai da suka cire sa'an nan suka iya dubawa." Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah. Ko ƙwan zabi ma a ruwa a ke gwada shi, ba a fasawa." Ba ta zargi kowa ba, ni ma ba na zargi, gama likitan ya yi abin da ya fi tsirar da ranta da kayan aikin da ke hannunsa. Amma maganar ƙwan zabin nan ta zauna mini a rai, domin ita ce ainihin tambayar da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna neman amsarta: yaya za a ga cikin abu ba tare da an fasa shi ba?

Ɗaya daga cikin amsoshin ta faro ne daga Faransa. Duk abin da Allah Ya halitta, dutse ne ko ruwa ko tsoka, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Galibinsu a natse su ke, ba su sakewa. Amma akwai waɗansu marasa natsuwa, waɗanda cikinsu bai daidaita ba, su kan fid da wani tartsatsi da ido ba ya gani, su rikiɗe su zama wani abu dabam. Henri Becquerel ne ya fara lura da wannan a jikin gishirin yuraniyam a 1896, sa'an nan Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyam a 1898. Tartsatsin nan iri uku ne. Akwai alfa, mai nauyi da ƙarfin ɓarna, amma fallen takarda guda ya isa ya tare shi. Akwai beta, wanda ya kan ratsa tsoka 'yan milimitoci kaɗan ya tsaya. Kana akwai gama, wanda ya ke ratsa jiki ya fito waje kamar yadda hasken fitila ke fitowa ta jikin zana. A riƙe wannan rabe-rabe, domin a kansa dukan maganar ta ke tsaye: da gama a ke gani, da alfa da beta a ke ƙonawa.

Wanda ya fara mai da wannan tartsatsi ƙararrawa wani saurayi ne ɗan ƙasar Hangari, George de Hevesy. A 1911 yana aiki a Mancesta ta Ingila ƙarƙashin Ernest Rutherford, sai aka ba shi aikin raba wani sinadari mai tartsatsi daga cikin dalma. Ya yi kusan shekara biyu yana fama abu ya ƙi rabuwa, domin ashe sinadarin shi ma dalma ne, tartsatsin kawai ya bambanta su. Sai ya juya tunani, ya ce tun da ba su rabuwa, duk inda dalma ta je mai tartsatsin zai bi ta, ke nan ya sami hanyar bin sawun dalma ko'ina ta shiga. A kan ba da labari cewa a gidan da ya ke haya ya zargi uwargidan da sake dafa musu ragowar naman da suka bari, ita kuwa ta musanta. Ran nan ya barbaɗa ɗan sinadarin a kan sauran namansa. Bayan 'yan kwanaki aka kawo abinci, ya ɗauko na'urarsa ya kara, nan take ta tona asiri. A 1923 ya bi sawun dalma daga saiwar wake har ganyensa, aka kuma ba shi lambar Nobel ta 1943 saboda wannan dabara. Darasin da ya bari shi ne, abu ɗan kaɗan wanda bai isa ya cuci jiki ba ya isa ya ba da labarin inda ya ke.

A yau ƙararrawar da asibitocin duniya suka fi amfani da ita sunanta teknishiyam-99m. Carlo Perrier da Emilio Segrè ne suka gano ƙarfen teknishiyam a Italiya a 1937. Abu biyu suka sa likitoci su ke son wannan irin nasa. Na farko, gama ya ke fitarwa, daidai ƙarfin da na'urar ɗaukar hoto ke iya kamawa. Na biyu, ba ya daɗewa: kowace awa 6 rabin ƙarfinsa ya kan tafi, bayan kwana ɗaya abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 16 ba. To, abin da ke mutuwa da sauri haka yaya za a ajiye shi a ɗakin magani? Masanan cibiyar Brookhaven a Amurka ne suka warware wannan a 1958. Uwarsa a ke kawowa, watau molibdinam-99, wadda sai ta yi awa 66 rabinta ke tafiya, kullum kuma tana rikiɗewa tana zama teknishiyam. A kan sa ta cikin wani tulu mai katangar dalma, kowace safiya a zuba ruwan gishiri a tace abin da ta haifa. Ma'aikatan da kansu "saniya" su ke kiran tulun, aikin kuwa "tatsa." In ta yi kamar mako guda nono ya ja baya, sai a kawo wata.

Yanzu sai mu koma hammata. Farin ruwan nan da ke fitowa daga mama ba ya shiga ƙwayoyin kaluluwa a lokaci ɗaya. Akwai wadda ya ke fara isa, kamar yadda a zamanin da mai fita daga birni ba shi da makawa sai ya bi ta gaban Sarkin Ƙofa. In sankara ta fara tafiya, a wurin Sarkin Ƙofa za a fara ganin ta. In kuwa shi ya ce ba ta wuce ba, to, kusan tabbas sauran lafiya lau su ke. Wahalar ita ce gane shi a cikin 'yan'uwansa, zama duk kamarsu ɗaya, a binne kuma su ke cikin kitse. Donald Morton ya nuna a 1992 cewa ana iya gane shi da shuɗin rini a jikin masu sankarar fata. A 1993 David Krag na Jami'ar Vermont a Amurka ya gwada ƙura mai ƙararrawa a kan masu sankarar mama. Ga yadda a ke yi. A ɗauki ƙurar farar wuta ko ta furotin ɗin jinin mutum, a rataya mata teknishiyam, a yi allurarta kusa da ƙullutun. Sai ta bi magudanar ta je ta maƙale a tashar farko. Likita ya ɗauko wata na'ura mai kama da alƙalami ya riƙa karawa a hammata, inda ta yi ƙara nan Sarkin Ƙofa ya ke. Ya tsaga kaɗan ya ciro ɗaya ko biyu a duba. In babu ciwo, a bar sauran a wurinsu. A 2003 Umberto Veronesi da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mata 516, wanda ya nuna hanyar amintacciya ce, waɗanda aka bi ta da su kuma sun fi ƙarancin ciwo da sagewar hannu. Ƙididdiga ta nuna cewa cikin matan da aka kwashe wa duka, kusan ɗaya cikin biyar hannunta ya kan kumbura, alhali cikin waɗanda aka cire wa Sarkin Ƙofa kaɗai kimanin 6 ne cikin 100. Ga ƙwai an gwada ba a fasa ba.

Mai karatu zai ce, me ya sa sai ƙura? Me ya hana a narkar da teknishiyam ɗin a ruwa a yi allura? Sirrin yana ga girma. Ma'aunin da a ke auna waɗannan ƙwayoyi sunansa nanomita: a raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kan kai nanomita 80,000, faɗin jar ƙwayar jini kimanin 7,000. Ita ƙurar tamu galibi tsakanin 10 ne da 100, ko sama da haka kaɗan. Abin da ya fi haka ƙanƙanta ƙwarai jini zai kwashe shi ya wuce, abin da ya fi haka girma ƙwarai zai tsaya inda aka soka allura. Na tsakiyan shi ke shiga magudana ya tsaya a tasha. Bugu da ƙari, ƙwaya ɗaya mai wannan girma kamar jaki ce da mangala. Ana iya zuba mata magani a ciki, a rataya mata ƙararrawa a gefe, a kuma manna mata wani ɗan mabuɗi a baya wanda ya dace da ƙofar ƙwayar sankara. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Burin masana kuwa ya wuce hammata. So su ke a yi allurar ƙura a jijiya, ta zaga jiki duka, ta taru a duk inda sankara ta ke. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa binciken Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda ne na Japan a 1986. Sun lura cewa sankara, don haɗamar abinci, ta kan gina wa kanta jijiyoyin jini cikin gaggawa, ginin gaggawa kuwa ba ya rasa yoyo. Jijiyoyinta duk huji ne kamar rariya, magudanar farin ruwanta kuma ba ta aiki sosai. Saboda haka ƙurar da ba ta iya fita ta bangon lafiyayyar jijiya, in ta zo nan sai ta zurara ta shiga, ta kuma kasa fita. A kan wannan tunani aka yi Doxil, watau maganin sankara da aka ƙunsa cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkunan maiƙo, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995. Daga nan sai gasa ta tashi. Kowane ɗakin bincike ya ƙera tasa ƙurar, wannan ta zinariya, wancan ta ƙarfe, wani ta yashi, a gwada a kan ɓeraye ciwo ya motse, jaridu su buga cewa an kusa gamawa da sankara.

Sai a 2016 Warren Chan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada suka tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka yi tambaya guda: cikin ƙurar da aka sa a jijiya, nawa ne ya isa wurin ciwon? Amsar da suka samu, in aka ɗauki tsaka-tsaki, ita ce 0.7 cikin 100. Watau in ka kora jakuna dubu, bakwai ne su ke isa kasuwa. Sauran fa? Galibinsu hanta da saifa su ke tarewa, zama aikinsu ke nan, kama duk wani baƙon abu da ke yawo cikin jini. Wannan magana ta tayar da ƙura a tsakanin masana, har yau kuma ana muhawara a kanta. Amma ta fito da wani abu fili. Ɓera ana iya yanka shi a auna abin da ya shiga hantarsa da abin da ya shiga ciwonsa. Mutum fa? Mutum sai da ƙararrawa. A nan ne, a ganina, babban amfaninta ya ke, wanda ya fi duk sauran: ita ce ke tilasta wa magani ya faɗi gaskiyar inda ya je.

An kuwa gwada. A 2017 aka buga rahoton wani gwaji da aka yi a Amurka da majiyyata 19 masu sankarar mama wadda ta riga ta bazu. Aka ba su jakunkunan maiƙo masu ɗauke da magani, aka rataya wa wani kaso daga ciki tagulla-64, wadda rabin ƙarfinta ke tafiya cikin kusan awa 13, aka ɗauki hoto. Sai ga shi abin da wani ciwon ya karɓa ya ninka na wani har sau 35, a jikin mutum ɗaya ma ƙullutu biyu ba su karɓa daidai ba. Waɗanda ciwonsu ya fi karɓa kuwa su suka fi nuna alamar amfana. Ku dubi abin da wannan ke nufi. Likita yana iya fara aika ɗan leƙen asiri kafin ya aika runduna. In hoto ya nuna ƙurar ta isa, a ba da cikakken magani. In ya nuna a hanta ta tare, a sake hanya tun da wuri, a hutar da majiyyaci wahalar maganin da ba zai isa inda aka aike shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin iyali sun sai da gona don su sayi allurar sankara ya san darajar wannan sani. Gani ya kori ji.

Sanin inda ƙura ke maƙalewa ya kuma koya wa maƙeranta gyara. Tun da manyan ƙwayoyi hanta ke kamawa, sai Ulrich Wiesner na Jami'ar Cornell da Michelle Bradbury ta asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering, duk a Amurka, suka ƙera ƙanana ƙwarai da sinadarin yashi, kimanin nanomita 7, waɗanda ƙoda ke iya tacewa su fita ta fitsari. Suka rataya musu aidin-124, suka gwada a jikin mutum 5 masu sankarar fata, suka buga sakamakon a 2014. Hotuna sun nuna ƙurar ta zaga jiki, galibinta ta fita ta ƙoda, ba ta kuma cuci kowa ba. Mutum biyar ba su isa a kafa hujja da su ba, amma sun isa su nuna cewa baƙon ya san hanyar fita.

Daga gani sai harbi. In aka cire ƙararrawa mai gama aka sa mai beta ko alfa, ƙurar ta tashi daga ɗan leƙen asiri ta zama mayaƙi. Tunanin daɗaɗɗe ne. Tun 1941 Saul Hertz a Boston ya fara ba da aidin mai tartsatsi ga masu ciwon ƙullutun maƙogwaro, wanda in ya kumbura mu ke kira maƙoƙo, domin shi ne ke zuƙe aidin ɗin da ya shiga jiki. A 1946 aka yi amfani da wannan hanya ga sankarar wurin. Misalin zamaninmu shi ne riniyam-186 da aka ƙunsa cikin jakunkunan maiƙo don yaƙar wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa mai dawowa bayan an yi aiki. Shi riniyam yana fid da beta da gama tare, watau yana ƙonawa yana kuma nuna inda ya ke ƙonawa. Ta wani siririn bututu a ke ɗura shi cikin ciwon kai tsaye, likita yana kallon hoton yadda ya ke bazuwa. Andrew Brenner da abokan aikinsa a San Antonio ta jihar Texas sun buga sakamakon majiyyata 21 a 2025, inda aka ga waɗanda ciwonsu ya sha tartsatsin sosai sun fi sauran daɗewa a raye. Gashin da a ke yi wa sankara da na'ura daga waje tilas ne ya ratsa lafiyayyar tsoka kafin ya isa. Wannan kuwa daga ciki ya ke tashi, 'yan milimitoci ya yi ya mutu.

Alfa ya fi beta ƙarfi, amma yana da nasa halin. Aktiniyam-225, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin kimanin kwana 10, ya kan yi harbi huɗu a jere kafin zuriyarsa ta natsu, kowane harbi kuma bai wuce tsawon 'yan ƙwayoyin halitta ba. Matsalar ita ce yana harbi yana naushin baya kamar bindigar toka, ya tsinke igiyar da aka ɗaure shi da ita, 'ya'yan da ya haifa su fantsama cikin jini su je su sauka a ƙoda. Saboda haka masana su ke ƙoƙarin rufe shi a tsakiyar ƙwayar ƙura mai tauri, ta zama masa keji, shi da 'ya'yansa su yi ɓarnarsu a wuri ɗaya. Wannan aiki galibinsa a kan dabbobi a ke yin sa tukuna.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, kada wani ya karanta wannan ya je yana nema wa majiyyacinsa abin da bai shigo kasuwa ba. Ban da irin ƙurar da ke nemo Sarkin Ƙofa, wadda ta daɗe da zama aikin yau da kullum a ƙasashe da yawa, sauran da na ambata masu ƙararrawa gwaji ne. Magungunan lutishiyam-177 da Amurka ta amince da su, watau Lutathera a 2018 da Pluvicto a 2022, a jikin ƙananan sinadarai aka rataya su, waɗanda ba su kai girman ƙura ba. Dalilin taka-tsantsan ɗin kuwa mun riga mun gan shi: in jakuna dubu suna ɗauke da wuta, bakwai suka isa, sauran suka sauke a hanta, ai hantar aka ƙone. Don haka ƙararrawa ce a gaba, wuta a baya. Game da tsoron da mutane ke yi wa kalmar nukiliya kuwa, tartsatsin da jiki ke sha daga allurar nemo Sarkin Ƙofa bai kai wanda kowannenmu ke sha cikin shekara guda daga ƙasa da duwatsu da sararin sama ba.

To, mu ina muka tsaya? Abin da ya sa teknishiyam ya zama mai sauƙi ga jiki, watau saurin mutuwarsa, shi ne ya sa ya ke da wuya ga ƙasa mai nisa da inda a ke yin sa. Molibdinam-99 daga fasa ƙwayar yuraniyam a ke samun sa, irin ƙarfen nan da aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar tun 1971, amma tukwanen nukiliyar da ke yin sa don asibitoci 'yan ƙalilan ne a duniya. Na nahiyarmu da ya yi suna shi ne SAFARI-1 da ke Pelindaba a Afirka ta Kudu, mai ƙarfin kilowat 20,000. Wanda aka kunna a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 2004 na kimanin kilowat 30 ne, don bincike da koyarwa aka yi shi. An buɗe sashen wannan fanni na likitanci a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2006, akwai kuma wani a Asibitin Ƙasa na Abuja, amma saniyar daga waje a ke shigo da ita. In ta kwana uku a filin jirgin sama tana jiran sa hannu, fiye da rabin nononta ya tafi, ba kuwa mai dawo da shi. Ke nan wannan fanni bai tsaya ga sayen na'ura ba. Yana bukatar lantarki da ba ya ɗaukewa, da jirgi mai zuwa a kan lokaci, da masanin sinadarai da zai tatsa ya haɗa da safe, da masanin kimiyyar tartsatsi da zai auna kada a wuce kima.

Yana kuma bukatar abu biyu da ke hannunmu mu ɗalibai tun yanzu. Na farko, harshe. In aka ce wa tsohuwa za a sa mata nukiliya a jiki, ai sai ta yafa mayafinta ta kama hanyar gida. Sai an sami mai yi mata bayani da Hausar da ta sani, ya ce wata 'yar alama ce za ta nuna wa likita inda zai taɓa da inda zai bari, kafin jibi kuma ta huce. Na biyu, lokaci. Dabarar Sarkin Ƙofa ga wadda ta zo da wuri ta ke da amfani, tun ciwon yana ɗan ƙarami bai cika hammata ba. Matanmu da yawa kuwa sai ciwo ya fashe, an gama zagayen masu sassaƙe da turare, sa'an nan a ke kai su asibiti, a lokacin ba sauran abin da za a nemo, kowa yana gani da idonsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Saboda haka ina kira ga kowane ɗalibi, in ya je hutu ya zauna da iyayensa mata da 'yan'uwansa ya gaya musu cewa ƙullutun da ba ya ciwo shi ne ya fi cancantar a kai wa likita, a kuma kai shi tun ran da aka ji shi. Waɗanda ke karatun kimiyya a cikinmu kuwa, ga fanni nan yana jiran ma'aikata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu bincike basira, Ya sa iliminmu ya amfani jama'armu, amin. Wassalam.